Ba za a yi maganar Turai ta da a tsallake coci ba

Tun daren jiya abin nan yake cina. Wani shirin tattaunawa ne na saurara. Mutum da digirinsa, an miƙa masa makirufo, ya ce wai tun faɗuwar Rum a 476 Turai ta yi shekara dubu ba ta tsinana komai ba, coci ya kulle ta a ɗaki, sai da aka kori limamai gari ya waye. Mai gabatarwa kuma sai "ƙwarai kuwa" yake ta yi. Wallahi wannan ba ilimi ba ne, kuma raina ya fi ɓaci da na ga ɗalibai suna ta yaɗa shi.

A wancan zamanin, in ka zare coci daga rayuwar Bature, ba abin da zai saura a hannunka. Can ake yi wa jariri baftisma, can ake shelar aure, a harabarsa ake binne mutum. Ƙararrawarsa ce ke gaya wa manomi lokacin fita da lokacin tashi. Rigimar aure da ta wasiyya kotun bishop ake kai su. Manomi yana fitar da ushirin amfanin gonarsa ya kai wa coci, kuma tun 779 Sarki Sharlaman, mai mulkin yankin Faransa da Jamus na yanzu, ya mayar da haka doka. Ƙidayar filaye da aka yi a Ingila a 1086 ta nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana hannun coci. To wane irin tarihi ne zai ce wannan duka babu?

Ku duba abin da ya faru a 1208 kawai. Sarki John na Ingila ya ƙi amincewa da Stephen Langton, wanda Fafaroma Inosent na Uku ya naɗa babban bishop na Kantabari. Fafaroma bai tura soja ko ɗaya ba. Umarni ya bayar a dakatar da ibada a faɗin ƙasar. Ƙararrawa ta yi shiru, ƙofofi suka rufe, mamaci ba a binne shi a maƙabartar coci. Abin da aka bari shi ne baftismar jarirai da sauraron tuban mai gargarar mutuwa. Shekara shida ana haka. Ka ɗauka kai ne tsohuwarka ta rasu, ka rasa limamin da zai raka ta kabari, kuma ka yi imani da zuciya ɗaya cewa lahirarta na rataye da wannan. A 1213 sarkin ya durƙusa, ya miƙa masarautarsa ƙarƙashin Fafaroma, har da harajin shekara-shekara. Shekara biyu bayan haka, da manyan ƙasar suka tilasta masa yarda da Magna Carta, takardar da ta taƙaita ikon sarki, sakin layinta na farko maganar 'yancin cocin Ingila yake yi. Kafin shi ma, a 1077, Henry na Huɗu na Jamus kwana uku ya yi tsaye cikin ƙanƙara a ƙofar ganuwar Kanosa yana roƙon Fafaroma Giregori na Bakwai ya yafe masa. Wanda yake iya yi wa sarakuna haka, shi za ka ce ba shi da rawar da ya taka sai kashe fitila?

Na san abin da za a rubuto mini a ƙasa. Yaƙin Salibiyya, kisan da mayaƙansa suka yi a Ƙudus a 1099, ƙona Jan Hus, malamin Kirista mai sukar coci, da ransa a 1415. Na sani, ni Musulmi ne, ba wanda zai koya mini zafin 1099. An yi zalunci, kuma da sunan coci aka yi shi. Amma wannan ai hujjata yake ƙarfafawa. Wanda ba shi da iko ba ya tara runduna da huɗuba guda, kamar yadda Fafaroma Urban na Biyu ya yi a Kilamon ta Faransa a 1095, da ya yi kiran Yaƙin Salibiyya. Mai cewa ina kare wani addini ya sake karanta abin da na rubuta.

Maganar ilimi ce ta fi sosa mini rai. Su wa suka zauna cikin sanyi suna kwafe littattafan Latin da hannu a kan fata, shafi bayan shafi? Sufayen gidajen ibada ne, irin na Monte Kasino da Benedik ya kafa wajen 529. Jami'ar Faris daga makarantun coci ta tsiro, kuma takardar Fafaroma ta 1231 ce ta tabbatar mata da 'yancinta. Asibitin Saint Bartholomew da ke Landan, wanda har yau yana karɓar marasa lafiya, mutumin coci ne ya kafa shi a 1123. Littattafanmu na Larabci ma, da muke alfahari Turai ta amfana da su, ta wace ƙofa suka shiga? A Toledo ta ƙasar Sifen Gerard na Kiremona, ma'aikacin coci, ya ƙarar da rayuwarsa yana juya Ibn Sina da Razi zuwa Latin. Toma Akwinas da ya yi ta muhawara da maganganun Ibn Rushd, ɗan ɗariƙar coci ta Dominikan ne. Ba za ka yi tutiya da cewa sun karanta mu ba, sannan ka ce masu karatun ba su wanzu ba.

Ƙananan baƙaƙen nan ma da nake latsawa a waya, asalin siffarsu daga rubutun hannun sufayen zamanin Sharlaman ne, su suka daidaita shi don a riƙa karanta littafi ba wahala. Shi ya biyo hanya har ya zama bokon da muke rubuta Hausa da shi.