Ku Daina Kiran Mai Neman Sulhu Maci Amana

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, maza da mata.

Akwai wata ɗabi'a da ta yi katutu a mahawarar siyasa a 'yan kwanakin nan, har ta kai yin shiru a kanta ya zama laifi. Mutum zai miƙe a cikin 'yan ɓangarensa ya ce, "Jama'a, a wannan gaɓar fa abokan hamayyarmu suna da gaskiya," ko ya ce, "Mu karɓi rabin abin da muke nema yanzu, mu ci gaba da neman sauran." Kafin ya rufe baki an yi masa ca. An saye shi. Munafuki ne. Maci amana ne. Da ma can ba namu ba ne. Ba mai tambayar hujjarsa, ba mai duba ko lissafinsa ya fita. Abin da ya fi ciwo, zagin da ake yi masa ya ninka wanda ake yi wa ainihin abokin hamayya. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Rabon siyasa zuwa hagu da dama ya samo asali ne daga majalisar Faransa a 1789, inda masu son sarki ya ci gaba da riƙe ikon hana doka suka zauna a hannun daman shugaban majalisa, masu son a rage masa iko suka zauna a hagu. A yau idan an ce hagu, ana nufin masu son gwamnati ta sa hannu sosai a tattalin arziki, ta karɓi haraji mai kauri daga masu hali, ta kare ma'aikaci da mai ƙaramin ƙarfi. Dama kuwa su ne masu son a sakar wa kasuwa mara, a rage haraji, a riƙe al'ada da tsarin da aka gada. Kowane ɓangare yana riƙe da wani abu na gaskiya, kuma kowanne yana da inda idonsa ba ya gani. Ƙasar da ta raina kukan na hagu takan wayi gari talakanta ya fusata. Wadda ta raina lissafin na dama takan wayi gari baitulmalinta wayam. To ina laifin wanda ya tsaya ya saurari duka biyun?

Ku dubi abin da ya faru a Jamus a 1930, ku dube shi da kyau, domin duk mai saurin cewa "maci amana" ya kamata ya san shi. Gwamnatin haɗaka ce ta jam'iyyu biyar a ƙarƙashin Hermann Müller na jam'iyyar ma'aikata ta SPD. Tattalin arzikin duniya ya karye tun Oktoban 1929, marasa aikin yi a ƙasar sun haura miliyan 3, asusun da ke biyansu tallafi ya kama hanyar ƙarewa. A lokacin ana cire kashi 3.5 cikin 100 na albashi ana zubawa a asusun, ma'aikaci ya biya rabi, mai kamfani ya biya rabi. SPD da ƙungiyoyin ƙwadago suka ce a kai shi kashi 4. Jam'iyyar da ke tare da masu masana'antu ta ce atafau ba za a ƙara ba, sai dai a rage tallafin. Tazarar da ke tsakaninsu ke nan, rabin kashi ɗaya cikin 100. Heinrich Brüning, jigo a wata jam'iyyar da ke cikin haɗakar, ya kawo shawarar a bar kuɗin yadda yake, a ɗage hukunci zuwa gaba. Müller da kansa ya yarda, amma 'yan majalisar jam'iyyarsa suka ƙi, saboda kada a ce sun sayar da ma'aikata. Ranar 27 ga Maris 1930 gwamnatin ta faɗi, kuma ita ce ta ƙarshe a wannan jamhuriya da ke da rinjaye a majalisa. Daga nan aka koma mulki da dokokin ta-ɓaci da shugaban ƙasa ke sa wa hannu. A zaɓen Satumban shekarar, jam'iyyar Hitler ta tashi daga kujeru 12 zuwa 107. Kuɗin da aka yi ta faɗa a kan kada ya wuce 3.5 ko ya kai 4, kafin shekarar ta ƙare ya kai 6.5, tallafin ma aka zaftare shi. A watan Janairun 1933 Hitler ya zama shugaban gwamnati, a Mayu ya murƙushe ƙungiyoyin ƙwadago, a Yuni ya haramta SPD. Garin neman gira aka rasa ido. Ba wannan rigima kaɗai ta kawo Hitler ba, amma ita ta tsaga bangon da ƙadangare ya samu wurin shiga. Kuma duka ɓangarorin biyu sun fita daga ɗakin taron suna jin cewa sun tsare mutuncinsu.

Wannan jin daɗin na "ban ja da baya ba" shi ne cutar. Yana da zaƙi, ba ya buƙatar karatu, ba ya buƙatar lissafi, kuma mai yin sa ba shi ne zai biya kuɗin ɓarnar ba. Alhali ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

A Ailan ta Arewa an shafe kimanin shekara 30 ana zubar da jini, mutane wajen 3,500 suka mutu. Da aka cimma yarjejeniya ranar 10 ga Afrilun 1998, kowane ɓangare ya haɗiyi abin da bai so ba. Masu son zama cikin Birtaniya suka yarda a saki fursunonin da suka kashe musu 'yan uwa cikin shekara biyu. Masu son haɗewa da Jamhuriyar Ailan suka yarda iyaka za ta ci gaba da zama har sai mafi rinjayen mutanen yankin sun zaɓi akasin haka. Aka tsara cewa manyan hukunce-hukuncen majalisa sai sun samu goyon baya daga al'ummomin biyu, shugaban gwamnatin yankin da mataimakinsa kuma ikonsu ɗaya. Kashi 71 cikin 100 na masu zaɓen yankin suka amince. David Trimble, wanda ya sa hannu a madadin masu son zama cikin Birtaniya, ya sha kiran maci amana daga mutanensa, har ya rasa kujerarsa ta majalisar dokokin Birtaniya a 2005. Wa ya fi kowa ɗaga murya wajen la'antar yarjejeniyar? Ian Paisley, jagoran masu tsauri a ɓangaren su Trimble. A 2007 wannan Paisley ɗin ya hau kujerar shugabancin gwamnatin haɗaka, Martin McGuinness na Sinn Féin, jam'iyyar masu son haɗewa da Jamhuriyar Ailan, yana mataimakinsa, a kan tsarin da kusan shi ne wanda ya tsine wa shekara tara baya. Wa ya koma ya ba Trimble haƙuri? Haka masu zagin nan suke a ko'ina. Su kashe mutum da baki, sannan su zo su zauna a inuwar da ya dasa.

Kada wani ya ɗauka ina kare 'yan fuska biyu. Akwai masu fakewa da "ni ina tsakiya" saboda tsoro ko kwaɗayi, su gaya wa kowane taro abin da yake son ji, a tambaye su matsayinsu a kan haraji ko albashi su yi ta kewaye-kewaye har mai tambaya ya gaji. Waɗannan suna jiran su ga inda rinjaye zai faɗa ne su bi, kuma su ne suka ɓata wa masu matsakaicin ra'ayi suna. Gane su ba wuya. Mai sulhu na gaskiya zai faɗa maka abin da yake so tun farko, abin da ya bari, abin da ya karɓa a madadinsa, da dalilin da ya sa yake ganin cinikin ya yi. Ɗan fuska biyu ba zai iya lissafa maka ko ɗaya ba. Ku kuwa kun haɗa su a kwando guda kuna jifa, don bambance su yana buƙatar ku karanta abin da aka sa wa hannu, karatu kuma ya zama muku dutse. Takardar yarjejeniyar haɗaka da aka ƙulla a Jamus a 2018 ta haura shafi 170. Mutum nawa cikin masu yanke hukunci a kan irin waɗannan takardu suka taɓa wuce kanun labarin?

Da kuna karantawa, da kun ga sulhu ba raba lamba biyu ba ne, wai wannan ya ce goma, wancan ya ce ashirin, a tsaya a sha biyar. Sana'a ce mai dabaru. Ɗauki rigimar mafi ƙarancin albashi. Na hagu yana tsoron ma'aikaci ya yi aiki wata guda ya kasa ciyar da iyali, na dama yana tsoron ƙananan masana'antu su kori ma'aikata ko su rufe. Ban da adadin kuɗin, akwai ranar farawa, akwai ko za a ƙara shi a tashi ɗaya ko daki-daki, akwai ko masu koyon aiki za su shiga, akwai wanda zai riƙa sake dubawa da kuma bayan wane lokaci. A nan ake samun wurin bayarwa da karɓa. Birtaniya ta kafa hukuma mai mutum tara, uku daga ɓangaren masu kamfanoni, uku daga ɓangaren ma'aikata, uku masana masu zaman kansu. A Afrilun 1999 aka fara da fam 3.60 a awa ga masu shekara 22 zuwa sama, fam 3 ga 'yan 18 zuwa 21. Ƙungiyoyin ƙwadago sun ce ya yi kaɗan, jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta yaƙi dokar gaba ɗayanta. Daga baya ita kanta jam'iyyar ta karɓe ta, har ta riƙa ƙara kuɗin da ta hau mulki. Da an dage a kan adadi mai tsauri tun ranar farko, da an ba gwamnati ta gaba hujjar soke dokar.

Wata dabarar ita ce sa wa'adi. A Afirka ta Kudu, lokacin da ake tattauna kawo ƙarshen mulkin wariyar launin fata, Joe Slovo na ɓangaren su Mandela, jigon 'yan gurguzu ne fa, shi ya kawo shawara a 1992 cewa a yi mulkin haɗin gwiwa na shekara biyar, a kuma tabbatar wa ma'aikatan tsohuwar gwamnati ayyukansu da fanshonsu. Aka rubuta cewa duk jam'iyyar da ta samu kashi 5 cikin 100 tana da gurbi a majalisar ministoci, mai kashi 20 tana da mataimakin shugaban ƙasa. Da haka de Klerk, shugaban tsohuwar gwamnatin farar fata, ya zama mataimakin Mandela a 1994. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Amma da a hannun samarin yau abin ya faɗo, wallahi da sun cinye Slovo ɗanye kafin gari ya waye.

Na san hujjarku, kuma ba ta banza ba ce. Za ku ce akwai abin da ba a raba shi. Haka ne. A Satumban 1938 Birtaniya da Faransa suka zauna da Hitler a Munich suka yanka masa wani yanki na Cekosulobakiya, ba tare da masu ƙasar suna teburin ba, bayan wata shida ya haɗiye Prague, babban birnin ƙasar. A Amurka a 1787 an sasanta a kan a ƙirga bawa a matsayin uku bisa biyar na mutum wajen rabon kujeru, ba a tambayi bawa ko ɗaya ba. Duk sulhun da wanda zai biya kuɗinsa ba ya wurin, ko wanda aka ƙulla da mai niyyar rusa teburin kansa, zalunci ne komai sunan da aka ba shi. Tsakiyar ma tana da nata ciwon. A Faransa, Macron ya janye masu sassauci daga hagu da dama ya ci zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa da kashi 66 a 2017, amma zuwa 2022 'yan takarar tsoffin manyan jam'iyyun biyu ko kashi 5 babu wadda ta kai, duk mai fushi da gwamnati ya rasa inda zai nufa sai wurin masu tsattsauran ra'ayi. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai ku kun mayar da kowace muhawara Munich. Kuɗin makaranta Munich, harajin kaya Munich, shekarun ritaya Munich. Wanda ya ce a ƙara kashi biyu maimakon uku kun sa shi sahu ɗaya da wanda ya sayar da ƙasa. In komai ya zama abin a mutu a kai, ranar da abin mutuwar na gaske ya zo ba wanda zai ji ihunku.

Ƙannena, ku sassauta. Ku riƙa tambaya kafin ku yanke hukunci, ku bar wa mutum hanyar dawowa. Zafin kai a ƙuruciya ba abin kunya ba ne, ƙasar da matasanta ba sa fushi da zalunci ta mutu. Abin da ke tayar da hankali shi ne yadda fushin ya koma kan wanda ke ƙoƙarin fitar da wani abu daga tattaunawa, har masu hankalin cikinku sun koyi yin gum. Suna ganin kuskure su kau da kai, don sun ga yadda aka yi wa na gabansu. Ga kuma waɗanda suka mayar da hura wuta hanyar cin abinci, kullum sai sun samo sabon maci amana su jefa wa mabiya, don ranar da aka sasanta kasuwarsu ta watse.

A da, ko a ƙungiyar muhawara ta makaranta, ba a yarda ka soki ra'ayi sai ka iya faɗinsa yadda mai shi zai gyaɗa kai ya ce haka nake nufi. Akan ba ɗalibi ɓangaren da bai yarda da shi ba a ce ya kare shi, don ya san nauyin hujjar da zai kara da ita. 'Yan majalisa su kece raini a zaure, su fito su gaisa, su tambayi lafiyar iyali, gobe su zauna a kwamiti su gyara sakin layi na dokar da suka yi faɗa a kanta. Dattijo ya ce wa yaro "ka fi ni gaskiya a nan" bai ji girmansa ya zube ba. Yanzu a ga hotonka kana musabaha da ɗan ɗaya ɓangaren ya isa a yi maka shari'a, a tono abin da ka faɗa shekara goma baya, a bi 'yan uwanka da zagi. Manyan da ya kamata su tsawatar su ma sun ja bakinsu, wasunsu ma su ke tura yaran, su kuma suna can suna ganawa da abokan hamayyar a asirce suna raba muƙamai.