Candida ta kama mahaifiyata a gadon asibiti

Wallahi labarin yadda ƙwayar Candida, wata irin fungus mai kama da yis, ke kama majinyata a asibiti ya taɓa ni. Mahaifiyata mai ciwon suga ta yi sati uku a ɗakin kulawa ta musamman, da roba a jijiyar wuya, ana ta ɗura mata magunguna masu ƙarfi na kashe ƙwayoyin cuta. Zazzaɓi ya ƙi sauka, sai gwajin jini ya nuna Candida. Ashe magungunan sun share ƙwayoyin jiki masu amfani, Candida kuma, da yake ba sa kashe ta, ta samu fili. Sai da aka cire robar ta fara samun sauƙi. Masu wankin ƙoda da jariran bakwaini ma suna cikin haɗari. Ni Candida auris ce ta fi tsorata ni, wadda aka fara ganowa a Japan a 2009, domin tana bijire wa magunguna, tana kuma maƙalewa a jikin gado har makonni.