Wai kai ne ogan kanka

Haka ake ce mana mu masu kai saƙo a mashin, wai ba mai sa ka ba mai hana ka. Wane irin oga fisabilillahi? Mai daga aljihunka, data daga aljihunka, taya ta yi faci kai za ka biya, in tsautsayi ya gitta ka faɗi a titi ko farasitamol ba mai saya maka. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin fetur ya ninka ya sake ninkawa, amma abinda ake biya kan oda ɗaya da ƙyar ya motsa.

Abinda ya fi ƙona min rai shine jiran nan, ka keto go-sulon Kano da rana tsaka gumi ya jiƙa maka riga, ka iso ƙofar gida ka kira waya a ce gani nan fitowa, ka yi ta tsayuwa ba ko inuwa wata odar tana wuce ka, ƙarshe a fito ana cewa abinci ya huce, a danna maka tauraro ɗaya, wato maki mafi ƙasa, a manhajar kamfanin da ke turo mana oda. Kamfani kuma ba zai tambaye ka me ya faru ba, sai dai ka ga oda ta ragu kawai. Wallahi da ciwo.