Katangar Ofis Ba Ta Tare Wi-Fi

Kwanan baya na je karɓar wata takarda a ofishin wani kamfani mai zaman kansa da ke Jekadafari a nan Gombe. Sai da maigadi ya rubuta sunana a littafi, ya leƙa jakata, sannan ya buɗe mini ƙofar ƙarfe. Da na zauna a bencin jira, idona ya faɗa kan wata 'yar takarda da aka manna a bango da salatif, ɗauke da sunan Wi-Fi na ofishin da kalmar sirrinsa, wadda ba komai ba ce illa lambobi daga 1 zuwa 8. Na ce wa sakatariya, "Hajiya, kwamfutar akanta ma a kan wannan layin take?" Ta ce, "Ai layi ɗaya ne da mu, Malam, kowa shi yake hawa."

Wannan amsa ta tsaya mini a rai, domin siginar rauta, wato na'urar da ke rarraba Wi-Fi, ba ta san katanga ba. Tana ƙetarawa har bakin titi, ta isa wurin mai shayi da wanda ya faka mota a gindin bishiya. Masu kamfanoni da dama a Gombe da Bauchi suna ganin iyakar asarar ita ce yaran unguwa su cinye musu data kafin wata ya ƙare. Wannan ƙaramin abu ne. Duk wanda ya hau layin ya zama tamkar ɗan gida, yana iya laluben fayilolin da ma'aikata suka buɗe wa junansu, da firinta, da kyamarorin tsaro, kuma idan ba a sauya kalmar sirrin da rautar ta zo da ita daga kamfani ba, wadda sau da yawa "admin" ce kawai, yana iya shiga saitinta ya karkatar da akanta zuwa shafin banki na bogi ba tare da kowa ya ankara ba.

Akwai masu cewa yanzu shafukan banki da manhajojin saƙo suna kulle bayanai tun daga wayar mutum, saboda haka fargabar ta ragu. Da gaskiyarsu, amma wannan kullen yana kare saƙon da ke tafiya a hanya ne, ba ya kare tsohuwar kwamfutar da aka tara sunayen abokan ciniki da lambobin asusunsu da jadawalin albashi a cikinta.

An riga an ga irin wannan ɓarna. A shekarar 2007 kamfanin TJX na Amurka, mai shagunan T.J. Maxx da Marshalls, ya bayyana cewa an sace bayanan katunan banki sama da miliyan 45. 'Yan kutsen sun fara shiga ne tun 2005 ta Wi-Fi na shagunan, wanda ke amfani da tsohon makullin WEP, alhali masana sun nuna yadda ake fasa shi tun 2001. An yanke wa jagoransu, Albert Gonzalez, ɗaurin shekara 20 a 2010. Kamfanin yana da kuɗin sauya makullin. Sakaci ne ya kai shi, kuma irin sakacin nan ne na gani manne a bango.

Doka ma ta daina ɗaukar wannan a matsayin ƙaddara. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su, ta kuma wajabta masa sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Asibiti mai zaman kansa, da makaranta, da otal, da ƙaramin bankin bayar da rance duk suna ciki, kuma a ganina tun kafin doka amana ce ta hau kansu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne gyaran bai kai kuɗin man janareto na mako guda ba. Rautoci da yawa suna iya ware layin baƙi dabam da na ma'aikata, kuma suna da makullin WPA2 ko WPA3 wanda ya fito a 2018. Abin da ake buƙata shi ne mai kamfani ya tsaya a kan yaron da ya haɗa masa na'urar har ya saita su, ya sa doguwar kalmar sirri, ya kuma sabunta manhajar rautar. Sai kuma batun ma'aikacin da ya bar aiki, ko aka sallame shi cikin ɓacin rai. Ana karɓe makullin ofis da katin shaida a hannunsa, amma wayarsa tana nan riƙe da kalmar sirrin, kuma duk ranar da ya tsaya a bayan katanga za ta hau layin da kanta. Ranar da ya ajiye makulli, ranar ya kamata a sauya ta.