Kafin ki ɗinka wa ɗan shekara biyu yunifom

Ni dai har yanzu na kasa gane gaggawar da muke yi a Kano wajen kai yara makaranta tun bakinsu bai gama buɗewa ba. Ka fito wajen bakwai da rabi na safe ta Zoo Road ko Kabuga ka leƙa cikin adaidaita sahu, za ka ga yaro da famfas a jikinsa, jakarsa ta fi shi girma, yana gyangyaɗi a kafaɗar yayarsa wadda ita ma ba ta wuce shekara shida ba, wai makaranta za shi. Idan ka tambayi uwar sai ta ce ai gara ya fara da wuri ya saba, kuma ɗan maƙociyarta tun yana shekara biyu yake cewa gud monin.

Ba wai ina zagin iyaye mata ba ne, don na san da yawa dole ce ta sa. Hutun haihuwa a dokar ƙwadago sati 12 ne, ma'aikatan tarayya sati 16, alhali likitoci na cewa a ba jariri nono zalla har wata shida. Nas ɗin da za ta kama aikin safe a asibiti, da malamar firamare, da wadda ke aiki a sakatariyar Audu Bako, da mai shago a Kantin Kwari, duk sai sun ajiye yaro a wani waje, kuma babban gidan nan na cikin gari da muka sani, inda kaka da goggo da matan 'yan'uwa suke tsakar gida ɗaya ka miƙa yaro ta katanga ka fita, yawancinmu mun baro shi, kowa ya koma Rijiyar Zaki ko Ɗanbare ko Hotoro ya rufe get. Saboda haka tambayar ta gaskiya ce: a bar shi wajen mai raino a gida, ko a kai shi nazare?

Ra'ayina shi ne, kafin yaro ya cika shekara uku, hannu yake buƙata ba allo ba. Abin da ke gina ƙwaƙwalwarsa a wannan lokacin shi ne babba ɗaya da ya san shi, yana masa magana yana amsa masa, ya nuna kaza a ce masa kaza ce, ya faɗi a ɗaga shi, ya yi gwaranci a mayar masa. To lissafin mai sauƙi ne, mace ɗaya da yara huɗu za ta iya wannan, anti ɗaya da yara talatin ba za ta iya ba ko da kuwa ita ce ta fi kowa son yara a duniya. Manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ma ta faɗi adadi, mai kula ɗaya ga yara 10 a wajen rainon jarirai, malami ɗaya ga yara 25 a nazare. Ku je ku ƙirga da idonku a ƙananan makarantun kuɗin da ke cikin unguwanni, waɗanda asalinsu gidan haya ne aka mayar da ɗakunan kwana aji, falo ya zama ofishin hedimasta, filin wasa kuma ɗan wajen ajiye mota. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 ba wuta ba fanka, yara a jere kan benci, abin da antin za ta iya kawai shi ne ta sa su rera A B C da ƙarfi har a tashi, wanda ya yi kuka a ce ya kifa kai a tebur.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, abin da yawancinmu muke saya da kuɗin nazare Turanci ne. Muna so yaro ya dawo yana hadda a gaban baƙi mu ji daɗi. Masu makarantu sun gane haka shi ya sa suke ba ɗan shekara biyu da rabi homwok, yaron da yatsunsa ba su yi ƙwarin riƙe fensir ba, sai uwa ta kama hannunsa ta rubuta, anti ta saka maki da jan biro, ƙarshen zango a ce ya zo na uku a aji, a yi bikin yaye ɗalibai har da hula da riga a karɓi kuɗin hoto. Wa ake yaudara? Yaron da ya ƙoshi da Hausa, ya iya ba da labari, ya san tatsuniya da kacici-kacici, ya iya tambaya, shi ne idan ya shiga aji yake ɗaukar Turanci da Larabci da sauri, don harshe na biyu kan na farko yake hawa.

Amma fa kar wani ya ɗauka ina cewa gida aljanna ce. Raino a gida kala-kala ne kuma wanda ya fi yawa a Kano shi ne ya fi ba ni tsoro, wato a ɗauko yarinya 'yar shekara 11 ko 12 daga ƙauye a ce 'yar aiki, ita za ta yi shara da wanke-wanke da wanki, ita za ta yi goyo, a kulle su a gida daga safe har la'asar. Yarinya ce ke rainon yaro, ita ma makaranta ya kamata a ce tana ciki, kuma idan ta gaji ba abin da za ta yi sai ta kunna masa katun ko ta miƙa masa waya ya yi shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara biyu bai kamata a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin ba, daga biyu zuwa huɗu kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana. Idan zaɓin da ke gabanki kenan, tsakanin wannan da nazare mai ɗan dama-dama, to kai shi nazaren, ba na ko tantama.

Rainon gidan da nake nufi shi ne na babbar mace da ta haifa ta raina, ko kakarsa in tana da ƙarfi kuma ta yarda da zuciya ɗaya (ba wadda aka ɗora mata tana fama da hawan jini da ciwon gwiwa ba), ko wata dattijuwa a layinku da ke karɓar yara uku huɗu ana biyanta a wata. Irin waɗannan matan suna nan a kowace unguwa, ba su da allon sanarwa a ƙofar gida, a bakin mata ake jin labarinsu wajen suna ko Islamiyya. A can yaro zai sha kunun gyaɗa da ɗumi maimakon biskit da lemon kwali, zai yi barcin rana a tabarma lokacin da jikinsa ya nema, za a koya masa fo a hankali ba da tsawa ba, kuma ba ruwansa da zirga-zirgar titi, wadda tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin ɗan adaidaita kaɗai ya isa ya cinye wani kaso na albashin da mafi ƙarancinsa a jihar nan naira 71,000 ne. Illarsa ita ce ba mai sa ido. Ba hukumar da ta san da ita, ranar da ta tafi biki ko ta'aziyya kin shiga uku, kuma idan kika ga abin da bai miki ba kunya za ta hana ki magana tunda sa'ar mahaifiyarki ce. Shi ya sa tun ranar farko a yi maganar kuɗi da sharaɗi a fili: Hajiya don Allah ba duka, ba a ba shi magani ko jiƙo sai an kira ni, ba a aika shi waje da yara. Sannan ki duba rijiya a rufe take, ina ake ajiye kalanzir da fiya-fiya, kuma su waye samarin da ke shiga da fita a gidan.

Maganar tsaro kuwa ba ɓangaren da ya tsira. Duk ɗan Kano yana tuna Hanifa, 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace a ƙarshen 2021 ya kashe, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2022, har gwamnati ta janye lasisin makarantu masu zaman kansu ta ce a sake tantance su. Get da yunifom da takardar rajista ba su ne amana ba. Haka lafiya, ɓarkewar mashaƙo da ta addabi Kano a 2023 ta fi kama yaran da ba a yi wa rigakafi ba, to duk inda za ki ajiye yaro cikin yara, gida ne ko makaranta, ki tambaya ana duba katin rigakafi? In an ce ba a dubawa kin san yaran da zai zauna da su.

Daga shekara uku zuwa huɗu lissafin yana juyawa. A nan yaro ya fara neman sa'anninsa, yana buƙatar koyon jiran layi da rabon abin wasa da jin maganar wani babba da ba na gidansu ba, musamman ɗan fari da ke zaune shi kaɗai a falat. Nan nazare take da amfani, rabin yini ya isa, kuma ta kusa da gida da za a iya taka wa da ƙafa ta fi mai suna da ke can wani gefen gari. Wanda ba shi da halin ta kuɗi ya leƙa firamaren gwamnati ta unguwarsu, da yawa suna da ajin share fage, tsarin ƙasa ya tanadi shekara ɗaya kafin aji ɗaya, duk da cunkoson da ke wasu ya wuce misali.

Iyaye maza kuma ku daina barin wannan shawara a hannun mata ku kaɗai kuna biyan kuɗi, ku je ku gani. Kar ku je ranar da aka gayyace ku, ku faɗa musu wajen sha ɗaya na rana ba sanarwa, ku wuce ofis ku ce a nuna muku banɗakin yara da inda suke shan ruwa, ku tambayi antin ajin wata nawa ta yi a nan don inda ba a biyan albashin kirki duk zango sabuwar fuska ce, sannan ku tambaya in wani ya zo ɗaukar yaro ya ce kawunsa ne me ake yi. Makarantar da ta ce sai kun jira a get a kira muku hedimasta, ku nemi wata.