Farar mujiya ba ta zama wuri ɗaya

Na ji daɗin wani rahoto da na gani kan ƙidayar farar mujiyar yankin ƙanƙara na can Arewacin duniya, sai dai ban ga an bayyana abin da ya sa ƙirga ta ke da wuya ba. Tsuntsuwar ba ta zama wuri ɗaya. Babban abincinta wani ɗan ɓera ne da ake kira lemming, wanda yawansa ke hawa da sauka duk bayan 'yan shekaru. Inda ɓeran ya yi yawa bana, nan mujiyoyin ke taruwa su yi ƙwai a ƙasa. Baɗi kuwa sun ƙaura, wasu ma daga Alaska har Rasha. To wanda ya ƙirga a inda suka cika, ya ninka da faɗin yankin gaba ɗaya, ai dole lissafinsa ya kumbura.

An daɗe ana cewa sun kai 200,000. Da aka sake lissafi, sai aka samu manyansu kusan 28,000 kacal, kuma a 2017 ƙungiyar IUCN, mai kula da kare halittu a duniya, ta sa su cikin tsuntsayen da ke fuskantar barazana. Wannan gibi ya tayar min da hankali matuƙa. Ya kamata Kanada, Amurka, Rasha da Norway su riƙa yin ƙidayar tare, a lokacin haihuwa guda.