Ba kowace mutuwar kwamfuta ce bairos ba

Da zarar kwamfuta ta fara ɗaukewa, ko allonta ya koma shuɗi, sai ka ji an ce bairos ne, a kai ta a goge komai a sake ɗora Windows. A rasa hotuna da takardu, bayan sati biyu kuma ciwon ya dawo.

Sau da yawa zafi ne kawai. Ƙurar hunturu takan taru a bakin fankar ciki har ta yi kamar auduga, ga shi mai ita ya ɗora ta a kan katifa, ramukan iskar sun toshe. In zafin ya kai maƙura, ita ce ke kashe kanta don kada ta ƙone. Gogewa kuwa ba ta share ƙura. Haka ma ba ta gyara komai in RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ne ya lalace, kuma manhajar Windows Memory Diagnostic da ke cikin Windows na iya gwada shi kyauta.

Wani lokacin kuma manhaja ce ke jawo matsalar. Ranar 19 ga Yuli, 2024, kwamfutoci kusan miliyan 8.5 suka tsaya cik a duniya, har jirage suka kasa tashi. Ba bairos ba ne, sabuntawar manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike ce ta zo da kuskure.

Shuɗin allon yakan rubuta sunan matsalar daga ƙasa. Ɗauki hotonsa da wayarka kafin ya ɓace, ka nuna wa mai gyara.